Daga Fadamar Argungu Zuwa Benin: Yadda Na Bi Matakan Tantance 'Yan Tsere

Ranar da na gaya wa Baba cewa an zaɓe ni in je Birnin Kebbi gwajin tsere, yana zaune a bakin zaure yana gyaran homa. Bai ko ɗago kai ba ya ce, "Gudu? Wa yak koro ka?" A gidanmu mutum yana gudu ne idan shanu sun shiga gona, ko ruwa ya taso ana ceton shinkafa. Gudu don kansa ba sana'a ba ce, kuma ban ga laifin Baba ba, don bai taɓa ganin wanda ya ci abinci da ita ba. A 2019 ke nan, ina ajin farko na babbar sakandare a Argungu.

Wanda ya gano ni malamin motsa jiki ne na makarantarmu, tsohon soja mutumin Zuru, kowa Koci yake ce masa. A gasar gidaje ta makaranta na shiga tseren mita 1,500 ba takalmi, na bar 'yan ajin ƙarshe a baya. Da aka tashi ya kira ni gefe, ya kama wuyan hannuna yana duban agogo, ya ƙirga bugun zuciyata, ya jira minti ɗaya ya sake ƙirgawa. Ya tambaye ni aikin da nake yi a gida. Na ce kullum kafin makaranta nakan kai wa Baba fura fadama in dawo a guje don kada a rufe ƙofa. Ya ce, "To ka daɗe kana atisaye ba ka sani ba." Shi ya je ya durƙusa gaban Baba har sau biyu kafin a bar ni in tafi.

Abin da ake shirin zuwa shi ne gasar matasa ta ƙasa, wadda a lokacin ake yi a Ilorin, ta yara 'yan ƙasa da shekara 15. Nan ne matakin farko da masu ido na ƙasa suke zuwa duba yara. Kowace jiha takan tara nata ta tace, kuma a tacewar Birnin Kebbi ni na zo na ɗaya. Ina ta murna, ashe tseren ne mai sauƙin. Washegari aka jera mu gaban wani teburi, kowa da takardunsa a hannu.

Ni takardu biyu na kai. Ɗaya shaidar makaranta ce mai cewa an haife ni a 2003, ɗaya kuma takardar rantsuwa ce da Kawu ya yi sauri ya karɓo a kotu, mai cewa 2005. Jami'in ya ajiye su kusa da juna, ya dube ni, ya ce, "Yaro, kai mutum nawa ne?" Koci ya sa baki: "Yallaɓai, ta kotun ita ce gaskiya." Jami'in ya ce shi bai musa ba, amma a Ilorin ba wanda zai saurari labari, kuma in aka kama yaro ɗaya da shekaru biyu, duk tawagar za a yi wa kallon masu maguɗi. Ya ja layi a kan sunana.

Gaskiyar kuwa tana wurin Inna. Ba a asibiti aka haife ni ba, ba wanda ya rubuta rana. Amma tana tuna cewa ina goye a bayanta, ban fara rarrafe ba, masu ƙidaya suka shigo gidanmu da allinsu, kuma kwanaki kaɗan bayan haka rana ta yi husufi, gari ya dushe da hantsi, kaji suka nufi akurki. Ƙidayar da husufin duk a watan Maris na 2006 aka yi su. Ta ce a lokacin watana shida, don an haife ni ana shirin yankan shinkafar damina. Ita kuma 2003 ga inda ta fito: ni dogo ne tun ina ƙarami, da aka kai yayana firamare na bi shi ina kuka, aka ce in ɗora hannu bisa kai in taɓa kunne, na taɓa, sai aka rubuta mini shekara shida alhali huɗu gare ni. Wannan rubutu na minti ɗaya shi ya hana ni zuwa Ilorin bayan shekara goma.

Na yi kuka a mota har Argungu. Yanzu da na san harkar, na yarda jami'in ya yi daidai. Rage shekaru cuta ce da ta daɗe tana cin wasannin matasa, inda ƙato mai shekara 19 zai tsaya layi ɗaya da ɗan 14 ya kwashe lambobi, bayan shekara uku a neme shi a rasa, shi kuwa yaron gaskiyar ya riga ya karaya ya bari. Abin da ke ci mini rai shi ne mu 'yan ƙauye, da ba mu rage komai ba, mu tsantsenin yake fara kamawa, don mu ne ba mu da takarda. Ba a fafe gora ranar tafiya. A makon Koci ya kai ni ofishin hukumar ƙidaya, inda ake yi wa wanda bai kai 18 ba rajistar haihuwa ko da an makara, Inna ta ba da shaida, aka ba ni takarda. Da ita na yi lambar NIN daga baya, da ita aka gyara ta makaranta. Tun daga nan ranar haihuwata ɗaya ce ko'ina.

Sai korona ta zo a 2020 ta tsayar da komai. Babbar gasar wasanni ta ƙasa da za a yi a Edo sai a Afrilun 2021 aka yi ta. Ni kuma shekarun gasar yara sun wuce ni. Koci ya ce mu bar cizon yatsa, mu koma dogon zango, mita 5,000, mu nufi gasar manya ta gaba.

Filinmu na bayan makaranta ne, ƙasa ce mai jan burji. Koci yana da wata tsohuwar igiya da ya ce mita 50 ce tun yana soja. Muka ja ta sau takwas muka kafa turaku, muka zuba toka a layi, zagaye ya zama mita 400. Mita 5,000 zagaye goma sha biyu da rabi ke nan. Talata da Alhamis gudun sauri a filin, yana tsaye da agogo a wuya yana kiran sakan duk na gifta. Sauran ranaku doguwar tafiya a kan hanyar Birnin Kebbi, da an sallame sallar asuba, don a Maris da Afrilu zafin Kabi yana haura maki 40, ƙarfe takwas na safe ma kwalta ta fara huci. Azumin 2022 cikin wannan zafin ya faɗo, sai muka mai da atisayen bayan tarawihi, yana bina a babur yana haska mini hanya. Abincina na gida ne, tuwon shinkafa da miyar kuka, kifi in Baba ya samo, fura da nono, ƙuli-ƙuli a aljihu. Takalmi kuwa na gwanjo ne, wanda Koci ya saya da kuɗinsa, in tafin ya cinye a kai wa mai gyara ya liƙa roba.

A wannan fili na yi minti 15 da sakan 28. Koci ya dubi agogon, ya sake dubawa, ya rungume ni. Ɗan shekara 17 da wannan lokaci, ya ce, ko a kudu sai an waiwaye shi.

Babbar gasar ta ƙasa tun 1973 ake yin ta, aka fara a Legas, kuma ta 2022 a Asaba ta jihar Delta aka yi, ƙarshen Nuwamba zuwa Disamba. Wannan karon na ci tacewar jiha, na wuce teburin takardu ba gardama. Aka sa mu a sansani a Birnin Kebbi tare da 'yan kokawa da 'yan dambe da masu langa, waɗanda a gaskiya su ake sa wa rai, don wasannin gargajiya nan ne ƙarfinmu yake. Mu 'yan tsere ba mu da yawa. Sansanin da aka ce na wata guda ne bai kai haka ba, alawus ɗin da aka ambata rabinsa muka riƙe a hannu, sauran sai bayan watanni. Duk da haka a nan na fara cin abinci sau uku ba tare da na je gona ba, na kuma fara sanin cewa barcin rana wani ɓangare ne na horo.

Hanya ta ci mu kwana biyu: Jega, Koko, Yauri, Kontagora, Minna, muka kwana a Abuja, sannan Lokoja, Okene, Auchi, Agbor. Ƙafafuna suka kumbura saboda zama. Da muka isa wani ya nuna mini ruwa ya ce wannan Kwara ce, ita ɗin da muka bari a Yauri, ga gadar Onitsha can. Na ji sanyi a raina, kamar na ga ɗan gida.

Filin Stephen Keshi shi ya karɓi gasar guje-guje ta Afirka a 2018, kuma ranar ce farkon da na taka jan dandamalin roba da takalmi mai ƙusa. Takalmin aro ne daga wani abokin tafiya mai gudun mita 100. Ban san cewa na masu gajeren zango daban ba ne, ba shi da taushi a diddige, an ƙera shi ne don mutum ya tsaya bisa yatsu na sakan goma sha wani abu. Aka tara mu a ɗakin kira, aka duba lambar ƙirji da tsawon ƙusoshi, aka fito da mu a jere. Na ga kyamara a kan layin ƙarshe, wadda take haɗe da bindigar tashi, ita ke ba da lokaci ba yatsan mutum ba.

Bindiga ta tashi. A gida nakan ci zagaye cikin sakan 74 ina numfashi daidai. Na gifta zagayen farko, allo ya nuna 74, amma ƙirjina yana faɗa mini wani abu daban, kamar na yi gudun da ya fi haka. Na gaba kuwa, yawancinsu yaran Filato, wasu da rigar jiharsu wasu da rigar jihohin da suka ɗauke su, sun riga sun ba ni rata, suna tafiya a dunƙule ba alamar wahala. Na matsa don in riƙe 74. Zagaye na biyar iskar Asaba mai laima ta zauna mini a wuya, gumi ba ya bushewa. Na bakwai sha-raɓata ta ɗaure tamkar an zuba mata siminti. Ina cikin zagaye na goma sha ɗaya na ji takun ƙafa a bayana, alƙali yana nuna mini in tsaya a layina, na gaba ya zagayo ni ya wuce. Ƙararrawar zagayen ƙarshe da aka kaɗa tasa ce, ni da sauran aiki. Na ƙarasa don Koci yana bakin shinge yana kiran sunana. Minti 16 da sakan 6.

Da dare ya zo ya zauna a bakin katifata bai ce komai ba. Can ya ce, "Zafi da takalmi za su ci sakan goma, ko sha biyar. Ba za su ci talatin da takwas ba." Muna dawowa Argungu, tun kafin ya shiga gida, ya aro tef ɗin awo wurin wani magini muka shimfiɗa igiyar nan a ƙasa. Mita 48 ce. Ta taɓa tsinkewa sau biyu an ƙulla, ƙullin ya cinye mita biyu. Kowane zagaye namu ya gaza da mita 16, a zagaye goma sha biyu da rabi mita 200 ke nan cif. Shekara biyu ina gudun mita 4,800 muna kiransa 5,000. Koci ya zauna a kan burji ya dafe kai. Dattijo ne da ya kai sa'ar Baba, amma ya ce mini, "Ka yafe mini, yaro." Na ce, "Haba Koci, in ba don kai ba wa zai kai ni inda za a gane?" Washegari muka tuge turakun muka sake awo da tef, kwanar gabas ta kai har gindin darbejiya.

Daga nan ne na fara fahimtar yadda zaɓen yake tafiya. Hukumar guje-guje da tsalle-tsalle ta ƙasa, AFN, ba ta aiki da "an ce yaron yana da gudu". Lokaci take nema wanda aka ɗauka a gasar da aka amince da ita, a filin da aka auna, da na'ura. A gajeren zango har iska ake aunawa, in ta wuce mita 2 a sakan tana tura mutum, lokacin ba ya shiga kundin bajinta. Sama da AFN kuma akwai hukumar duniya, wadda ke yanka lokacin da sai an kai shi kafin a shiga gasar duniya ko Olamfik, ko kuma mutum ya shiga ta jerin maki da yake tarawa daga gasa zuwa gasa, kuma a Olamfik ƙasa ba ta wuce mutum uku a kowane tsere. Na mita 5,000 na maza a Olamfik ɗin Paris minti 13 da sakan 5 ne. Bajintar duniya kuwa tana hannun Joshua Cheptegei na Uganda, 12:35.36, tun 2020. Da na ji waɗannan lambobi gwiwata ta yi sanyi, sannan na ji wani irin sauƙi, don aƙalla yanzu na san tsawon hanyar.

Wani daga cikin yaran Filato da muka yi musayar lamba a Asaba ya ce in zo in zauna da su. Kuɗin mota da na abinci ne matsala. Kawu, ƙanin Inna, ya sayar da buhu biyu na shanshera daga noman raninsa ya damƙa mini. Ya ce, "Kowa ya ci zomo ya ci gudu. Tahi ka gani da idonka." Wata uku na yi a can a 2023.

Jos ta haura mita 1,200 sama da teku, garinmu bai kai 300 ba, Iten ta Kenya kuwa da ake labari tana wajen 2,400. A tudu iska ba ta ƙosar da huhu, sai jiki ya ƙara jajayen ƙwayoyin jini don ya rama, in mutum ya sauko ƙasa ya ji kamar an sauke masa kaya. Makon farko ko hawan tudun unguwa sai na tsaya. Amma abin da ya fi tudun amfani a wurina shi ne taro. A Argungu ni kaɗai nake gudu, babur yana bina. A can mutum ashirin ne suke fita cikin sanyin asuba, maza da mata, in ka yi lalaci a bar ka, in ka yi gaggawa a tsawata maka. A wurinsu na koyi cewa ranar hutu a yi gudu a hankali ƙwarai, abin da da nake ɗauka ragwanci ne. A wurinsu na fara jin sunan Abbas Mohammed, wanda ya kafa bajintar gudun fanfalaki ta Najeriya a 1990 da awa 2 da minti 16, ya kuma je Olamfik.

A can kuma na ga da me ɗan tsere yake rayuwa. Masu sa'a su ne waɗanda 'yan sanda ko soja ko kwastam ko sibil difens suka ɗauka aiki, suna karɓar albashi suna yi wa rundunar gudu. Chioma Ajunwa da ta ciyo wa Najeriya zinare a dogon tsalle a Olamfik ɗin Atlanta a 1996, da mita 7.12, 'yar sanda ce. Wasu jiha mai kuɗi ce ke ɗaukar su idan babbar gasa ta matso, ta biya su ladan kowace lamba. Sauran kuwa tseren kan titi suke bi, na Legas da ake yi a Fabrairu tun 2016, da na kilomita 10 na Okpekpe a Edo, inda 'yan Kenya da Habasha suke kwashe manyan kyaututtuka, 'yan gida su yi ta fafatawa a kan kason da aka ware musu. Manyan taurarinmu kuma akasari jami'o'in Amurka ne suka ƙarasa rainonsu. Tobi Amusan, da ta kafa bajintar duniya ta sakan 12.12 a tseren tsallake shinge a 2022, daga Ijebu-Ode ta tashi, amma a jami'ar Texas da ke El Paso ta nuna. Wannan ƙofar tana son sakamakon jarrabawa mai kyau da fasfo da lokacin da wani koci a can zai iya dubawa a intanet. Ra'ayina, kuma ban ɓoye shi ba, tallafin da ake da shi yana jiran mutum ne a bayan layin nasara. Kafin layin, buhun Kawu ne da albashin malamin makaranta.

Wani abu da nake so 'yan uwana na gida su ji da kyau shi ne maganar ƙwaya. A wurinmu masu aikin ƙarfi da yawa suna shan tramadol don su jure, har yara masu ƙwallo na gani suna haɗiya kafin wasa. Tun 1 ga Janairun 2024 hukumar yaƙi da ƙwayoyin ƙara kuzari ta duniya ta haramta shi a lokacin gasa. Dokar kuma ba ta san "ban sani ba". Duk abin da aka samu a fitsarinka kai ne da alhaki, ko mai kemis ne ya haɗa maka, ko jiƙo ne aka ba ka a gora. Inna takan haɗa mini sassaƙe idan zan yi tafiya. Sai da na zauna na yi mata bayani a hankali, don kada ta ɗauka na raina maganinta. Ta ce to, ta koma ba ni dabino da zuma.

Gasar tantancewa ta ƙasa ta 2024 a Benin aka yi, a filin Samuel Ogbemudia, tsakiyar Yuni, ta zo daidai da babbar sallah. Daga ita za a fitar da masu zuwa gasar Afirka a Douala ta Kamaru, da masu zuwa Paris. Sunana ya shiga ta hannun ƙungiyar guje-guje ta jiha. Wannan karon ba motar tawaga, ni da Koci ne a motar haya, da kuɗin da muka tara. Muka yi sallar idi da Hausawan Benin, wani mai sayar da albasa mutumin Aliero ya ji harshenmu ya ja mu gidansa cin nama, ya kuma ba mu ɗakin kwana kyauta. Takalmina mai ƙusa na dogon zango ne yanzu, na hannu ne da na saya a Jos.

Na shiga da tsari. Koci ya ce kada in bi kowa, in riƙe 72 har zagaye takwas, abin da ya rage na Allah ne. Na bar su suka tafi. A zagaye na shida na fara tsintar waɗanda suka ɗauki abin da zafi, ɗaya bayan ɗaya. Na tara ya yi mini nauyi, na goma ya fi shi, amma ƙafa ba ta ɗaure ba. Da aka kaɗa ƙararrawa ina cikin zagaye ɗaya da na gaba, ba wanda ya zagayo ni. Minti 14 da sakan 57. Ban hau mumbari ba, ban kusa ba ma, kuma ba a kira sunana a tawaga ba. Na ga wani jami'i da takarda a hannu ya tari wanda ya yi nasara tun yana haki, ya sa hannu, ya bi shi ƙafa da ƙafa har ɗakin gwajin fitsari. Koci ya ce, "Ranar da aka bi ka haka, ka iso."

A filin nan na ga Favour Ofili da idona ta lashe mita 100 na mata. Ta cika lokacin da ake nema, ta ci gasar ƙasa, duk abin da ake so ɗan wasa ya yi ta yi. Bayan makonni muna zaune a shagon kallo a Argungu muka ji cewa ba a shigar da sunanta a tseren mita 100 na Paris ba, sai mita 200 ta yi, ta kai zagayen ƙarshe ta zo ta shida. Kafin wannan, a Olamfik ɗin Tokyo a 2021, 'yan wasanmu 10 aka hana shiga fili bayan sun isa can, ba don an kama su da komai ba, sai don ba a yi musu gwaje-gwajen bazata uku da doka ta wajabta kafin gasar ba. Najeriya ta dawo daga Paris ba lamba ko ɗaya, kuma a Oktoban 2024 aka rushe ma'aikatar wasanni aka dawo da hukumar wasanni ta ƙasa ƙarƙashin Shehu Dikko. Da na ji labarin Ofili teburin nan na Birnin Kebbi ya faɗo mini a rai. Ni takardata ce ta kayar da ni ina yaro, kuma na gyara ta da hannuna. Ita takardar da ta kayar da ita ba a hannunta take ba. In ana tsananta wa ɗan wasa a kan ranar haihuwa da fitsari da sakan, kuma ya kamata a tsananta, to mai riƙe da biro a ofis ma a tsananta masa daidai da haka.

Sakamakon Benin ya fito a rubuce, sunana da jihata da shekarar haihuwata da 14:57. Wani kocin ɗaya daga cikin rundunonin nan ya tsayar da mu a bakin ƙofar fili ya ce in an buɗe ɗaukar aiki in kawo masa shi tare da sakamakon sakandare. Ina jira. Kafin nan ina taya Baba dashen shinkafar rani, ina fita da asuba, ranar Asabar kuma ina riƙe wa Koci agogo. Yara tara yake da su yanzu, biyu mata, waɗanda iyayensu suka yarda bisa sharaɗin dogon wando da hijabi. Duk wanda ya zo, kafin ya taka layin toka sai ya kawo takardar haihuwa.

Na buga sakamakon a wani shagon kwamfuta a Birnin Kebbi na kawo gida. Baba ba ya karanta boko, amma ya karɓa ya riƙe da hannu biyu, ya ce in nuna masa inda sunana yake. Na ɗora yatsa. Ya daɗe yana kallo.

"Wagga takarda ita za su duba?"

"Ita ce, Baba."

Ya miƙo mini, ya laluba aljihu ya ciro naira ɗari biyar. "To koma a liƙe ta da roba. Gidan nan ruwa na shiga da damina."